Baƙin Ruwan Zaitun

Thanas ya tsoma sanda a babban kwarmin tace ruwa, ya zaro ta baƙa ƙirin tana maiƙo. Shekara da shekaru yana kiwon ƙananan ƙwayoyin halittar da ke cinye ƙazantar garin a kwarmin nan, kamar yadda wani ke kiwon awaki. Da safen nan babu ko ɗaya mai rai. Warin kuwa tun yana yaro ya san shi: baƙin ruwan da ke saura idan an matse zaitun. Wani ya tuttula shi a lambatu.

Ga ruwan sama ya ƙi tsagaitawa, ƙazantar gari sai ƙara kwararowa take yi, kuma babu sauran ƙwayoyin da za su tace ta.

"Buɗe ƙofar teku," in ji shugaban ma'aikatar a waya.

"Yallaɓai, kejin kifi yana ƙarƙashin bakin bututun da ke zuba a teku."

"Na sani. Ko ka fi so kashi ya dawo ta masan asibiti? Kafin rana ta yi tsaka ka buɗe."

Kejin na ƙanwarsa ne, Lefteri. Tun rasuwar mijinta da shi take ciyar da 'ya'yanta. Ya daɗe yana kallon wayar kafin ya kira ta.

"Yaya, in kifin banza kake nema, ba su girma ba tukuna," ta ce tana dariya.

Ya gaya mata. Dariyar ta ɗauke.

"Ki ja kejin zuwa bayan dutse."

"A wannan iskar? A irinta teku ta cinye min miji, ko ka manta? Ka ba ni zuwa gobe."

"Ba ni da goben, Lefteri."

Bai ji ta kashe wayar ba. Numfashinta kawai yake ji, da igiyar ruwa tana dukan kwalekwale. Shi ya kashe.

Yana tsaye a haka sai ga ƙarar tsohon babur a bakin ƙofa. Mahaifinsu ne, tsoho Jorgo, ya jiƙe sharkaf, ya rungumo kwalabe biyu da gasasshen burodi a cikin rigarsa. A gidansu ba a taɓa man zaitun na farkon shekara sai babban ɗa ya ɗanɗana.

"Kai, mai gadin masai! Wanke hannu ka zo ka ji abin da itatuwan kakanka suka yi bana."

Ya tsiyaya man a kan burodin, kore shar, ya barbaɗa gishiri. Thanas ya karɓa ya gatsa. Man ya yi masa yaji a maƙogwaro, alamar ya yi kyau.

"Saura kaɗan zaitun ya lalace a buhu," in ji tsohon. "Ramin da mai injin matsa yake tara baƙin ruwan ya cika, ya ce ba zai taɓa na kowa ba sai an kwashe. Mutane suka yi cirko-cirko. Na ce musu, ku sakarkaru ne? Ɗana ne ke wanke ruwan garin nan! Ni da hannuna na ja tiyo zuwa lambatu."

Thanas ya daina tauna.

Tsohon ya ci gaba: "A da a rafi muke zubarwa, ana ta zaginmu. Yanzu kuwa ga ka. Me ya faru? Man bai yi ba ne?"

"Ya yi, Baba."

Ya haɗiye. Ya taka zuwa ƙarshen gadar ƙarfen, inda sitiyarin buɗe ƙofar tekun yake, ya kama. Hannunsa ya zame saboda maiƙo. Ya goge a wando, ya sake kamawa, ya murɗa. Ƙarƙashin ƙafafunsa ruwan ya yi gurnani, ya nufi teku.

Da ya dawo, tsohon yana miƙo masa kwalba ta biyu.

"Wannan ta Lefteri ce. In ka tashi aiki ka kai mata, ta soya wa yara kifi."