Gorar Bakin Yashi

"Wa ya taɓa gorar?" in ji Bun-hiong, yana rufe ƙofar kicin.

Ɗansa Ka-ho bai ɗago daga kwanon shinkafarsa ba. "Ni ne, Baba. Guguwa ta ja yashin kudu, sai na gyara hanya. Laifi ne?"

Kowa a garin ya san tudun yashin da ya tare musu teku ba ya zama wuri guda. Shi ya sa ake kafa jerin gora mai jan ƙyalle, kwale-kwale su bi ta inda ruwa ke da zurfi. To jiya maƙwabcinsu, tsoho Tiam-teng, ya kafe da kwale-kwalensa a yashi, ya wuni tsamo-tsamo cikin iska kafin a tsinto shi. Kuma satin da ya wuce, a gaban jama'a, Ka-ho ya zage shi kan wurin ɗana tarkon ƙaguwa.

Bun-hiong ya ɗauki romon kifi ya shiga gidan tsohon, Ka-ho na biye da shi ba da son ransa ba. Ɗakin sai ƙamshin turaren tsinke. Ƙirjin tsohon na ƙugi kamar tukunya a wuta.

"Kawu," in ji Bun-hiong a hankali, "ta wane gefen gorar ka bi?"

Tsohon ya buɗe ido ɗaya. "Gora? Ni da aka haifa a kan yashin nan, lokacin akwai gidaje da rijiya a kansa, zan bi sandar ɗan da jiya-jiya yake fitsarin kwance? Hanyata na bi."

"Amma an ce a tsakiyar sandunan aka same ka."

"Masu faɗa ba su da aikin yi." Ya juyo da kai ya daɗe yana kallon Ka-ho. "Kai, ɓarawon ƙaguwa, ba ni ruwa."

Ka-ho ya miƙa masa, rabin ruwan ya zube a bargo. Bun-hiong ya gani.

Da rana tsaka tsohon ya cika.

Ranar da aka kai shi makwancinsa, Bun-hiong ya fita shi kaɗai a kwale-kwale da ruwan teku ya janye. Layin gorar daidai yake, har ya fi na kullum kyau, sai dai yashin gindin kowace sanda sabon tono ne. Can gefe, inda aka tsinci tsohon, ga wasu ramuka a jere irin na gindin gora, ba komai a cikinsu. Ko na kwanan nan ne, ko na bara, yashi ba ya nunawa.

Ya kashe injin, ya sauka, ruwa iya idon sawu. Ya duba baya, ba kowa sai fararen tsuntsaye. Ya sa ƙafa ya fara tura yashi cikin ramin farko.