Cindon da Ka Bar Mini

…kuma a hannun hagu, Siddiƙu, daidai inda naka yake. Ɗan tsiron nama a gefen ƙaramin yatsa, yana lilo, har da ɗan farcensa da bai kai ƙwayar gero ba. Cindo. 'Yarka ta zo da cindo. Alhamdu lillahi. Tun jiya nake faɗi, bakina bai gaji ba.

Tana barci. Ina buɗe hannun, ina rufewa. Ina sake buɗewa… Ruwan wankan jego na tafasa a tsakar gida, ƙamshin ganyen dogonyaro ya cika ɗaki, ni kuwa ina zaune ina ƙirga yatsu kamar 'yar aji ɗaya.

Ka tuna yadda nake tsokanar ka? Ƙullutun nan na gefen yatsanka, in murza in ce ƙurji ne ya ƙi warkewa. Ka ce a'a, cindo ne, an ɗaure maka shi da zare kana jariri, ya bushe ya faɗi. Na ce da an bar maka abinka, ko ka riƙa tsince albasa da sauri. Dariyar nan taka — motar albasa, hanyar Kudu, waya da rana tsaka, baƙuwar murya tana tambaya ko ni ce iyalinka… A'a. Ba yanzu ba. Yau ranar godiya ce.

Ka leƙo gida tsakanin tafiya da tafiya, ka koma, ba ka dawo ba. Ina cikin takaba amai ya fara. Ni ban san da cikin ba, kai ba ka sani ba, matan unguwarmu Ƙofar Rini kuwa sun fi mu sani! Kowacce ta zama likita. Su zo gaisuwa, baki na "Allah Ya jiƙan shi", ido na kan cikina, yatsu na lissafin wata a ƙarƙashin hijabi. Ba wadda ta faɗa mini a fuska. Da ma wata ta faɗa, in samu wadda zan wanke tas. Inna Dijatu, mahaifiyarka, ita ce ta fi cin raina. Ta daina aiko mini da fura. Ta daina ce mini ɗiyata, na koma Zakiyya kawai. Na ji zafi, wallahi na ji. Har haushinka na ji, da ka tafi ka bar ni ba mai shaidata.

Jiya Inna ta zo barka. Ba ta ko zauna ba. Ta karɓi jaririyar a ɗarare, irin karɓar ajiyar maƙwabta. Zane ya zame. Hannun ya fito.

Ta daɗe tana kallo… sai ta juya nata hannun. Ashe ita ma? Ƙullutu iri ɗaya, ya tsufa, lalle ya rine shi. Duk tuwon da na ci daga hannun nan, ban taɓa lura ba.

"Wanga hannun gidanmu na," ta ce. "Haka anka haife ni, haka nih haifi Siddiƙu. Ɗiyatai ta."

Ta zube a kan tabarma tana kuka, tsohuwa da ita. Kafin la'asar fura ta iso, kwarya guda, har da zuma. Na sha. Da kuka na sha, amma na shanye.

Lubna ƙanwata, mai karatun jinya, ita da ba a tambayarta take bayani — ta ce a jikin kowa akwai ƙwayoyin halitta, su ke ɗauke da umarnin yadda mutum zai fito: tsayi, launin fata, har yawan yatsu. Kowane umarni biyu-biyu ne, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In mutum zai haihu, ɗaya kaɗai yake miƙawa daga cikin biyun. Na cindo mai ƙarfi ne, ko shi kaɗai yakan nuna kansa. Inna ta miƙa maka, ka riƙe shi tsawon rayuwarka ba ka san me kake riƙe da shi ba, ka miƙa wa wannan… Zare ya cire na waje, na ciki bai taɓu ba. Ikon Allah! Ashe ba ka bar ni haka nan ba. Na gode, Siddiƙu. Na janye haushin.

Sai Lubna ta ƙara, tana dariya, tana lasar cokalin furata: "Sa'a kinka yi, Yaya. Da ɗayan yab ba ta, na wajen babanai, da biyar za ta zo da su."

Biyar.

Da 'yarka ce dai. Da jininka ne, hancin nan, goshin nan, duk naka. Da Inna ta miƙo mini ita ta fita? Da furar…? A'a, Zakiyya, ki gode. Ina godiya. Wallahi ina godiya. Amma wannan ɗan naman da ba ya ko lanƙwasuwa, shi aka yarda da shi, ni da nake da baki ba a…

Inna ta ce yau za ta zo da zare, da hannunta za ta ɗaure, yadda ta ɗaure naka. Lubna ta ce a kai asibiti, zare na sa ciwo. Su biyun dai cirewa suke so. Na san ba zai riƙe mata cokali ba, na san yara za su yi mata waƙa a makaranta. To in ya faɗi, me zan nuna? Kuma wa ya rage in nuna wa? Kowa ya gani, kowa ya yarda… me ya sa har yanzu nake neman abin nunawa?

Takalmin Inna ne a zaure, na san jan ƙafarta. Ga sallama.

"Ɗiyata, kawo ta, ga zaren."

Ɗiyata. Ka ji, Siddiƙu? Ta dawo mini da sunan.

Ina tura ɗan hannun cikin zane, ina dunƙule shi a nawa… ban amsa sallamar ba tukuna.