Delbert a Gaban Hadari

Shekara arba'in da ɗaya ke nan Marlys Haugen tana auren manomi, amma ita da mijinta Delbert ba su taɓa yi wa hadari kallo iri ɗaya ba. Shi in ya ɗaga kai, ƙanƙara yake hangowa a kan alkamarsa. Ita kuwa kyau take gani. Tun da 'yarsu ta aiko mata da kyamara daga Omaha, da sararin sama ya yi baƙi sai ta ajiye duk abin da ke hannunta.

Wata Talata a watan Yuni, da la'asar, ta leƙa taga ta ga an haɗo.

"Tashi ka ja mota, tsoho. Idona na sama, ba zan iya da titi ba."

"Kowa na gudun ruwa, ke kina binsa. Hauka da furfura!" in ji Delbert, yana laluben makulli.

Suka yi mil goma sha biyu a hanyar tsakuwa kafin ta ce ya tsaya. Hadarin ya tsaya a kan makiyaya, hawa-hawa kamar an kifa faranti a kan faranti, yana juyawa a hankali, gindinsa kore-kore. Marlys ta ɗaga kyamara. Ta ɗauki hoto sau goma, ta duba, ta yi tsaki. A cikin kyamara ya koma kamar hayaƙin murhu.

"Tsallaka shingen nan ka tsaya, a ga girman hadarin."

"Au, yau kuma ni ne ma'auni?"

Ya tsallaka yana mita, ya gyara tsayuwa, ya ƙame kamar soja. Sai iska ta taso ta fizge masa malafa. Ya bi ta da gudu, hannu a sama, tumbi na rawa. Marlys na dariya har da hawaye, amma yatsanta bai bar dannawa ba. Kafin su kai mota ruwa ya kece, suka shiga sharkaf, shi ba malafa, ita ta cusa kyamara a cikin riga.

A baje kolin gunduma na watan Agusta hoton ya zo na biyu a gasar hotuna. Na ɗaya hoton wani ɗan maraƙi ne. Marlys ta yi murna har ta kira 'yarta sau biyu. Delbert ne ya kasa haƙura.

"Maraƙi? Yanzu maraƙi ya fi ni? Alƙalan nan a sai musu tabarau."

Wuni ya yi a gindin hoton, duk wanda ya tsaya sai ya nuna masa ɗan mutumin da ke gudu a ƙarƙashin ƙaton hadari, ya ce, "Ni ne nan." Da suka kama hanyar gida sai ya yi gyaran murya.

"In za a sake, ki faɗa mini da wuri, in sa jar rigata."