Hajiya Batulu Ta Daina Fita

Tun da Hajiya Batulu ta yi ritaya daga aikin sakatariya a wata ma'aikatar tarayya, jikinta ya yi ta buɗewa. Ciwon gwiwa ya hana ta yawo, zaman kuma ya ƙara mata nauyi. A Nyanya take zaune tare da 'yarta Sa'adiya, wadda ke fita aiki da sassafe saboda cunkoson hanya, ba ta dawowa sai bayan magariba.

Ƙibar ba ta dame ta kamar bakin mutane ba. A asibiti, ma'aikaciyar jinya kan ɗora ta a sikeli ta faɗi nauyinta da ƙarfi, har masu jiran layi su waiwayo. Ko rashin barci ta kai kuka, ko ciwon kai, amsar ɗaya ce: "Mama, ki rage ci."

Wata rana aka yi mata waya cewa Prudence, aminiyarta da suka yi shekaru a ofis ɗaya, tana kwance a Kwali, jiki ya yi tsanani, kuma tana ta cigiyarta. Batulu ta yi wanka, ta ɗaura atamfarta mai kyau, ta lallaɓa zuwa tasha. Ta ɗora ƙafa za ta shiga mota ke nan sai direban ya tare ƙofa.

"Mama, ke kam kujera biyu za ki kama. Ni tayoyina ba sababbi ba ne."

'Yan kamasho suka kwashe da dariya. Wani fasinja ya ɗaga waya kamar zai ɗauke ta hoto. Batulu ta sauke ƙafarta ta juya gida, tana ce wa kanta za ta je ranar Asabar idan Sa'adiya ta samu sarari. Prudence ba ta kai Asabar ba.

Daga nan ta daina fita. Islamiyyar matan unguwa ta bar zuwa, biki da suna sai dai ta aika. Yini take a ɗaki, labule a sake, wanka ma sai an matsa mata. Sa'adiya ta ɗauka tsufa ne kawai.

Ana haka wata matashiya mai suna Muhibba ta yi sallama. Tana cikin masu binciken lafiyar al'umma da ke bi gida-gida suna hira da tsofaffi a kan ƙiba da halin da zuciyarsu ke ciki. Ranar Sa'adiya na gida, ita ta shigo da ita. Batulu ta ɗaure fuska, tana jiran a fito da sikeli. Muhibba ta zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta.

"Ba auna ki na zo yi ba, Mama. Yaushe rabonki da jin daɗin wani abu?"

Da Batulu ta buɗe baki, labarin tashar ne ya fito, tun daga atamfar har zuwa wayar da aka yi mata ta rasuwa. Hawaye na zuba, ba ta share ba.

Sa'adiya, da ke tsaye bakin ƙofa, ta ce, "Umma, me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Ke ma kullum zancenki in rage tuwo. In faɗa miki me?"

Sa'adiya ta sunkuyar da kai.

Muhibba ta yi musu bayani a hankali cewa abin da ke damun Hajiya ya yi kama da ciwon damuwa, kuma ana maganinsa. Ta ce ta ji irin wannan daga bakin tsofaffi da yawa a unguwannin da ta zaga.

"Da yawa?" in ji Batulu. "Su ma suna ɗaki kamar ni?"

"Mafi yawansu, Mama."

Sa'adiya ta ɗauki hutu ta kai ta wurin wani likita da Muhibba ta kwatanta musu. Ta fara shan magani, barci ya ɗan dawo, wani lokacin har takan zauna a falo ta saurari rediyo. Amma har yau idan aka ƙwanƙwasa ƙofa, sai ta jawo mayafi ta lulluɓe jikinta gaba ɗaya. Sau da yawa ma ba ta amsawa, sai mai sallama ya gaji ya tafi.