Katangar da Inna Ta Yaɓe

Kwazazzabon da ke gefen gonar su Ɗayyabu, a wani ƙauye kusa da Basirka, kowace damina sai ya ci wani abu. Bara ya haɗiye kunyoyin gabas gaba ɗaya. Abin da ya rage da ƙyar yake ciyar da gida, kuma idan bana ruwa ya sake yankar rabonsa, Ɗayyabu sai dai ya koma acaɓa a Kano, sana'ar da ta bar masa ciwon baya tun bai yi furfura ba.

Shi ya sa ya je wurin Baba Maikuɗi, tsohon da ya iya jera katangar dutse mai tare zaizayar ƙasa, ba laka ba siminti. Tsohon ya yarda ya koya masa, amma irin koyarwar da ke sa mutum ya yi da-na-sanin tambaya. Yana zaune a inuwa da sandarsa, Ɗayyabu na cikin ranar bazara.

"Wannan a kan me ya zauna?"

"A kan na ƙasa, Baba."

"Guda ɗaya? Na ce maka kowane dutse ya hau kan biyu. Sauke."

Sai ya sauke. Manya a gindi, ƙanana a ciki, katangar ta riƙa tsukewa tana hawa. Dutsen da ya sha wuya ya ɗauko daga gindin tsauni, tsohon zai zungure shi da sanda, in ya motsa ko kaɗan ya ce a canza masa zama. Tafin hannun Ɗayyabu ya tsattsage. Da yamma ko lomar tuwo ba ya iya dunƙulawa sai ya cije leɓe.

Abu ɗaya Baba Maikuɗi ya fi nanatawa. "Ramukan nan na tsakani, kada ka toshe su. Ruwa ya bi ta nan ya wuce, ya bar maka ƙasarka a baya. In ka hana shi hanya, da katangar zai tafi."

Masu wucewa kuwa, da yake ba su ke ɗaukar dutsen ba, bakinsu bai gaji ba. Wani ya ce katangar ta yi giɓi kamar bakin tsohuwa, wani ya tambaya ko gidan kunamu ake ginawa. Ɗayyabu ya ci gaba da jera dutsensa. Amma maganar ta isa kunnen mahaifiyarsa, Inna Jummai, ta kuma yi mata zafi. Ita tun tasowarta, katangar da ake hango haske ta cikinta ba a gama ta ba ke nan, kuma abin kunya ne ga mai ita.

Ana gab da ƙarasawa, ciwon bayan Ɗayyabu ya tashi. Ya kwanta kwanaki, ko sallah a zaune yake yi. Baba Maikuɗi shi ma ya tafi Gwaram wurin 'yarsa neman maganin ido.

Ranar da ya iya miƙewa ya lallaɓa gona, daga nesa ya hango abin da aka yi. An yaɓe katangar sumul daga wannan bakin zuwa wancan, shatin yatsu ko'ina a jikinta. Inna na zaune a gindinta, laka har gwiwa, ga tsohon bokiti a gefe. Ita ta ɗebo ruwan daga rijiya, ita ta kwaɓa da ciyawa, tsohuwar da hawa dokin ƙofa ma sai ta dafa bango.

"Kai, zo ka gani," in ji ta, don ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. "Yanzu su zo su yi dariyar."

Rabon da ya ga fuskarta a sake haka tun kafin rasuwar mahaifinsa.

"Sannu da aiki, Inna. Allah Ya saka da alheri."

Ya ce a ransa gobe zai zo da sassafe ya ɓamɓare. Goben ta zo, ciwon bayan ya hana. Jibi lakar ta bushe ta yi tauri, ya tsaya yana kallon tsawon katangar, ya ji ba zai iya ba. Kunyar uwa na ciki, amma a faɗi gaskiya, gajiya ta fi yawa. Ya lallashi kansa da cewa ruwan farko ba ya yin ƙarfi.

Ruwan farko ya sauko bayan la'asar kamar da bakin ƙwarya. Ya gangaro daga tsauni, ya tarar da hanya a toshe, ya taru a bayan katangar har ya zama tafki. Daga nan ta ɓalle a tsakiya. Ruwan ya kwashi duwatsun, da takin da aka zuba, da wani babban yanki na gonar, ya yi cikin kwazazzabo da su.

Washegari suka tsaya a bakin ramin su biyu. Inna ta daɗe tana duba ɓarnar.

"Lakar ce ta yi kaɗan," in ji ta. "Ƙarfina ne bai kai ba. In ka sake jerawa, zan yi mata biyu."

Ɗayyabu ya dubi duwatsun da ke warwatse a ƙasan kwari, waɗanda zai sake hawo da su ɗaya bayan ɗaya. Ya ga ba zai iya yin shiru karo na biyu ba.

"Inna, lakar ce ta kayar da ita. Ba a toshe ramukan."

Ta juya hannayenta tana kallo, har yanzu akwai busasshiyar laka a ƙarƙashin faratanta.

"Ka san haka tun ranar?"

"Na sani."

"Shi ne ka bar ni ina ta zaga gidaje ina faɗa wa mutane na gyara maka katanga."

Ta gyara mayafinta ta kama hanyar gida a hankali. Da ya miƙa hannu zai taimaka mata ta tsallake inda ruwa ya yanke, ba ta kama ba.