Na'urar da ke Dantsen Shalele

Kaya kala biyu, gorar ruwa, katin rigakafi, da takardar ƙarfe ta naɗe abinci. Iya abin da Maman Shalele ta fito da shi ke nan. Wayarta ta bari a kan gado da gangan.

Motar haya tana gudu, yarinyar tana barci a cinyarta. Ta ƙara matse takardar a dantsen yarinyar. Maƙwabciya ce ta rantse mata cewa tana toshe sigina.

A ƙarƙashin fatar nan akwai na'ura kamar ƙwayar shinkafa. Lokacin da satar yara ta yi yawa aka saka ta, don duk inda Shalele take ya fito a waya. Sai dai da sunan uban aka yi rajista. Jiya Maman ta je asibitin da aka saka na'urar, idonta ɗaya a kumbure.

"A cire mata."

"Sai mai rajista ya amince," in ji nas.

"Shi ya yi min wannan."

"Ayya, sannu. Amma ai tsaron yarinya ne."

* * *

Yayar Maman likitar dabbobi ce, wurinta suka nufa. Ko zama ba su yi a shagonta ba wayar Yaya ta yi ƙara. Ta sa a sifika.

"Yaya, sun iso ko?" Muryar mijin ce, har da 'yar dariya. "Na ga sun shigo layinku. Ki ba su ruwa, ina hanya."

Maman Shalele ta yage takardar ta wurgar. 

Yaya ta taɓa dantsen da yatsa. "Ga ta nan. Ko karnukan da nake sa wa alama, ba a bin su da waya haka."

"Za ki iya cirewa?"

"Iyawa ba wuya. Amma zai kai ki kotu, ya ce kin sa an yanka masa 'ya a shagon awaki. Ni in rasa lasisina, ke kuma ki rasa ita."

"In na bar ta fa? Ina zan je bai riga ni ba?"



Shalele ta dubi tiren almakasai. "Mama, zai yi zafi?"

"Zai yi, kaɗan."

Maman ta miƙe, ta ja ƙofar shagon, ta danna sakata.

"Wanke hannunki, Yaya. Yau za a cire ta."