Haɗin da Baba Sharhabil Ya Raɗa wa Suna

"Ba zan zauna ba, Abba," in ji Aziza, tana zura takalmi. "Shi ya aiko a kira ni."

Alhaji Balarabe ya dire butar alwalarsa. "Mutum yana kan gargara, ke za ki kai masa kiɗa? In kika fita ƙofar nan, kada ki ƙara gaishe ni."

Duk da haka ta fita.

Baba Sharhabil maƙwabcinsu ne a Unguwar Dosa, tsohon mai gyaran na'urori a gidan rediyo. Da ya yi ritaya sai ya ɗora fiyano biyu masu lantarki, ɗaya bisa ɗaya, ya ɗaga muryar na saman kaɗan, ta yadda kowane madanni nasa ya faɗa tsakiyar biyu na ƙasa. Inda kowa ke da matakin sauti goma sha biyu, shi ya sami ashirin da huɗu, tazararsu daidai wa daida. In aka danna uku tare, sai a ji haɗin sautin da babu sunansa a duk abin da Aziza ta karanto a jami'a. Tun dawowarta suke wannan aiki: ita ta danna ta ƙirga matakai, shi ya raɗa suna. Ɗaya ne ya gagare su, wanda bai yi kama da murna ba, bai kuma kai baƙin ciki ba.

"Bakwai da bakwai," takan ce. "Lissafi ya riga ya ba shi suna."

"Wannan lambar mota ce, 'yar boko. Kin taɓa ganin an yanka wa lamba rago?"

Yau falonsa cike yake da mata, kowacce da carbi. Goggo Harira, yayarsa, ta tare hanya da hannu.

"Ina zuwa kuma?"

"Kirana ya yi, Goggo."

"Zafin ciwo ne ya kira ki. Safara'u, kina kallo?"

Hajiya Safara'u, matarsa, ba ta ɗago ba. "Tun safe yake ambatonta, Yaya. Ku bar ta."

Ɗakin na warin man zafi. Ya rame har gadon ya yi masa yawa, yatsunsa sai motsi suke a kan zanin gado, sun kasa tsayawa.

"Kin makara," ya ce. "Danna mini mai taurin kan nan. Ba na so in tafi in bar shi ba suna."

Ta kunna fiyanon da ke gefen gadon, ta rage ƙarar ƙwarai. Yatsu biyu a na ƙasa, ɗaya a na sama. Sautin ya tashi ya tsaya a iska, ya ƙi karkata ko'ina. A falo aka ɗaga murya da salati.

"Sake."

Ta sake. Ya lumshe ido, ya daɗe har ta matso ta duba numfashinsa.

"Kin san mutum a tashar Kawo?" ya ce a hankali. "Ya baro gida, mota ba ta cika ba. Sai duba hanya yake."

"Tashar Kawo ke nan, Baba?"

"Haka za ki kira shi. Kashe abin."

Ta kashe. Ta durƙusa a gefen gado ta karanta kalmar shahada, leɓɓansa suka bi ta. Sannan ta buɗe wa matan ƙofa. Kafin la'asar ya cika.

Kafin a dawo daga maƙabarta magana ta gama layi: 'yar Balarabe ta raka tsoho da kiɗa. Aziza ba ta bi gida-gida tana bayani ba, kuma da za a sake aiko mata, da ta sake zuwa. Sai dai abin ya ci mata. Ta durƙusa ta gaida mahaifinta, ya wuce kamar bango ne ya yi magana, kuma har yau bai amsa ba. Matan layin suka daina turo 'ya'yansu darasin da take koya musu.

Washegarin rasuwar ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe, ta aika gidan makoki kamar yadda kowane maƙwabci ya yi. Da yamma aka jera kwanukan mutane wankakku a ƙofar gidan, kowa ya zo ya ɗauki nasa. Nata na can ƙarshe, da nauyinsa, ƙullin da ta yi wa ƙyallen bai ko motsa ba.